Juriya Daban, Turjiya Daban: Cutar Ruɓewar Gindi a Alkama da Sha'ir

A cikin watan Oktoba, lokacin da alkama ke cika ƙwaya a gonakin kudancin jihar Queensland da arewacin jihar New South Wales na ƙasar Ostareliya, manomi kan shiga gonarsa ya tarar da waɗansu zangarnu sun yi fari fat a tsakanin 'yan'uwansu da ke kore shar, kamar furfura a kan saurayi. Idan ya tsinko ɗaya ya murtsuke a tafin hannunsa, ba zai sami komai ba sai ƙaiƙayi, ko kuma 'yan ƙwayoyin da suka motse. Idan ya tumɓuke shukar ya ɓare ganyen da ya lulluɓe karan daga ƙasa, zai ga gindin ya rine ya koma launin zuma, wani lokaci ma har da ɗan jaja-jaja a wajen gaɓa. Wannan ita ce cutar da masana ke kira ruɓewar gindi. Tana kama alkama da sha'ir, kuma fiye da shekaru saba'in ke nan tana yi wa manoman waccan ƙasa ɓarna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta yawaita a bakin masu sayar da iri da ma waɗansu malaman gona, wato cewa iri kaza "mai jure cuta" ne. A ganina wannan magana, ko da gaskiya ce, takan ɓoye rabin labari. Irin da ke jure cuta yakan ceci amfanin bana, amma sau da yawa shi ne ke renon cutar domin baɗi. Saboda haka wajibi ne a riƙa bambanta wa manomi tsakanin juriya da turjiya, kuma kada a bari ya ɗauka cewa sayen sabon iri ya ɗauke masa nauyin gyara yadda yake noma. Labarin ruɓewar gindi a Ostareliya ya bayyana wannan batu fiye da duk wani misali da na sani.

Yadda cutar take

Abin da ke haddasa cutar wata fumfuna ce, dangin wadda kan fito a jikin tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan a jikin hatsi da ciyayi take rayuwa. Sunanta na kimiyya Fusarium pseudograminearum. A wurare masu ɗan sanyi da laima akwai 'yar'uwarta, Fusarium culmorum, wadda ke yin irin wannan ɓarna. An fara lura da cutar a Queensland a shekarar 1951. An daɗe ana ɗaukar fumfunar a matsayin ɗaya da wadda ke lalata zangarniya, har sai a 1977 da masana a Jami'ar Sydney, ciki har da Lester Burgess, suka nuna cewa gida biyu ne. A 1999 Takayuki Aoki da Kerry O'Donnell suka tabbatar cewa jinsi ce mai zaman kanta, suka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu.

Fumfunar tana kwana a cikin tushiya da karan da aka bari a gona bayan girbi. Idan aka yi sabuwar shuka, tsiro ya taɓa guntun tsohon kara mai ɗauke da ita, sai ta shige shi ta gindi, daidai inda saiwa da kara suka haɗu. Daga nan sai ta riƙa hawa a hankali cikin gaɓoɓin ƙasa, tana lalata hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa zangarniya. Abin mamaki a nan shi ne, idan akwai wadatar laima har ƙarshen lokacin noma, shuka na iya ɗaukar cutar ta kuma ba da amfani kusan kamar lafiyayya. Amma idan zafi da ƙarancin ruwa suka zo daidai lokacin cika ƙwaya, sai hanyoyin da suka lalace su kasa kai ruwa sama, zangarniya ta mutu tun ba ta nuna ba. Ke nan ɓarnar tana buƙatar abu biyu, cuta a gindi da ƙishi a ƙarshe.

Asarar ba ƙarama ba ce. A 2009 Gordon Murray da John Brennan sun yi lissafin abin da cututtukan hatsi ke ci wa Ostareliya, suka ƙiyasta cewa ruɓewar gindi na jawo asarar kimanin dalar ƙasar miliyan 79 kowace shekara a alkama, da kimanin miliyan 18 a sha'ir. Cutar kuma ba ta tsaya can ba. An san ta a jihohin Oregon da Washington na Amurka, da Afirka ta Kudu, da Afirka ta Arewa, da Turkiyya. A 2012 aka ba da rahoton ganin wannan fumfuna tana ruɓar da gindin alkama a lardin Henan na ƙasar Sin, daga nan kuwa ta zama babbar damuwa a yankin da ya fi kowane noman alkama a ƙasar.

Abin da ya ba cutar ƙarfi

Mai karatu na iya tambaya, me ya sa cutar da aka sani tun 1951 ta ƙara ƙarfi maimakon ta ragu? Amsar tana cikin wani sauyi mai kyau da manoman suka yi. A arewacin yankin hatsi na Ostareliya mafi yawan ruwan sama a lokacin zafi yake sauka, alkama kuwa a lokacin sanyi ake nomanta, wato ana shuka daga Afrilu zuwa Yuni. Don haka alkamar ta dogara ƙwarai ga laimar da baƙar ƙasar laka ta adana, kamar yadda masakwa ke rayuwa da laimar firgi a yankin tafkin Cadi bayan ɗaukewar damina. A da manoman kan ƙone kara su yi huɗa. Daga shekarun 1980 zuwa gaba sai suka koma barin kara a kan gona da shuka ba tare da huɗa ba, domin karan na rufe ƙasa, ya hana zaizaya, ya kuma taimaka ruwa ya shiga ya zauna. Wannan dabara ta amfani ƙasa ta kuma ƙara amfanin gona, amma ita ce ta ba fumfunar masauki. Muddin kara bai ruɓe ba tana nan da ranta, kuma a shekarun fari kara kan yi shekara biyu ko fiye bai ruɓe ba.

Komawa ƙona kara ba mafita ba ce, domin wuta ba ta kai wa ga tushiyar da ke binne a ƙasa, ga kuma asarar laimar da za a yi. Huɗa kuma takan farfasa karan ne ta watsa gutsattsarinsa ko'ina cikin gona. Da manomi ya ga gaba kura baya sayaki, ba abin mamaki ba ne ya sa ransa a kan masu kyautata iri, yana jiran ranar da za su miƙo masa irin da zai raba shi da wannan masifa.

Kalmomi biyu da ake gwamutsawa

A nan ne ya kamata mu tsaya mu rarrabe. Turjiya ita ce shuka ta hana cuta shiga jikinta, ko ta takura mata ta hana ta yaɗuwa. Ana auna ta ne ta duban yawan rinewar gindi ko yawan fumfunar da ke cikin kara. Juriya kuwa ita ce shuka ta ɗauki cutar sosai amma duk da haka ta ba da amfani. Ba a ganin juriya da ido a jikin kara, sai a ma'auni. Hanyar da masu bincike ke bi ita ce su shuka iri ɗaya a fegi biyu maƙwabta, su zuba wa ɗaya ƙwayar hatsin da aka rena fumfunar a jikinta a cikin layin shuka, su bar ɗayan haka nan, sa'an nan bayan girbi su auna bambancin.

Aikin yana da wuya, domin shekarar da ruwa ya wadata a ƙarshe duk iri sukan yi kama da masu juriya, sai an maimaita gwajin shekaru da dama a wurare daban-daban. Akwai kuma wani abu na uku da ke ƙara rikita lissafin. Mu ƙaddara iri na farko yana ba da buhu 40 a gona mai lafiya, ya ba da 32 a gona mai cuta, na biyu kuma yana ba da 30 a mai lafiya, ya ba da 28 a mai cuta. Na biyu ya fi juriya nesa ba kusa ba, tun da buhu 2 kawai ya rasa, na farko kuwa ya rasa 8. Amma manomin da gonarsa ke da cuta har yanzu ya fi samun riba da na farko. To, wanne za a rubuta wa "mai jure cuta" a jikin buhu? Kowanne daga cikinsu mai sayarwa na iya kare maganarsa, kuma babu ɗaya daga cikin alƙaluman nan da ya gaya mana yawan fumfunar da kowane iri ya bari a tushiyarsa.

Game da turjiya kuwa, gaskiyar magana ita ce har yau babu irin alkama ko sha'ir da ya gagari wannan cuta gaba ɗaya. A cutar tsatsa akan sami ƙwayar gado guda mai ƙarfi da za ta tare cutar. A ruɓewar gindi abin da aka samu ƙwayoyin gado ne da yawa, kowace da ɗan abin da take taimakawa. Masu bincike sun yi amfani da iri irin su Sunco da 2-49 da CSCR6 a matsayin tushen wannan 'yar turjiya, kuma suna ƙoƙarin tara ta wuri ɗaya a cikin sababbin iri. An sami ci gaba, amma a jadawalin gwajin iri na ƙasa baki ɗaya da hukumar bincike da bunƙasa hatsi ta GRDC ke gudanarwa tun 2005, mafi yawan iri suna ɓangaren masu kamuwa ne, na gaba-gaban ma tsaka-tsaki suke. Mafi rauni duka ita ce alkamar durum, wadda ake yin taliya da makaroni da ita, domin a muguwar shekara takan yi asarar fiye da rabin amfaninta.

Batun sha'ir

Sha'ir shi ne ya fi nuna haɗarin gwamutsa kalmomin nan. Manoma sun daɗe da lura cewa a gona mai cuta sha'ir yakan fi alkama tsira da amfaninsa, kuma ba a cika ganin fararen zangarnu a cikinsa ba. Daga nan waɗansu suka ɗauka cewa shuka sha'ir hutu ne ga gona. Bincike ya nuna akasin haka. Fumfunar tana shiga sha'ir ta yi kaka-gida a karansa kamar yadda take yi a alkama. Babban abin da ke taimakon sha'ir shi ne saurin nuna, yakan gama cika ƙwaya kafin zafi da ƙishin ƙarshe su tsananta. Wato wani ɓangare na abin da ake kira juriyarsa zillewa ce kawai, kuma idan aka makara wajen shuka shi, ko zafi ya zo da wuri, shi ma yakan sha kashi.

Yanzu mai karatu ya dubi abin da zai biyo baya. Manomi ya ga cuta a alkamarsa, ya shuka sha'ir a shekara ta biyu, ya girbe lafiya, hankalinsa ya kwanta. A shekara ta uku ya ga durum na da tsada ya shuka ta a kan tushiyar sha'ir. Idan ƙarshen wannan shekara ya zo da fari, abin da zai kwashe ba zai biya kuɗin taki da iri ba. Babu wanda ya yi masa ƙarya, sha'ir ya jure kamar yadda aka ce. Abin da ba a gaya masa ba shi ne bashin da juriyar ta bari a cikin ƙasa.

Hujjar masu goyon bayan juriya

Adalci ne in kawo abin da ɗaya ɓangaren ke cewa, domin maganarsu na da nauyi. Na farko, sukan ce manomi ƙwaya yake sayarwa, ba wanda zai biya shi kuɗi don gindin alkamarsa ya yi fari tas. Tun da turjiya cikakkiya ta ƙi samuwa bayan shekaru masu yawa ana nema, hankali shi ne a zaɓi irin da ke cika buhu ko da cuta. Na biyu, sukan ce turjiya mai ƙarfi takan tilasta wa cuta ta sauya kama, kamar yadda aka gani a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da wani sabon nau'in tsatsa da ake kira Ug99 ya karya garkuwar da alkamar duniya ta daɗe tana dogaro da ita. Juriya kuwa ba ta matsa wa cuta lamba, don haka ana sa ran za ta fi daɗewa. Na uku, ba kowane manomi ke da halin barin alkama na shekara biyu ba, akwai bashin banki, akwai kuma wuraren da ruwa bai isa a shuka wani abu ba.

Na amince da waɗannan duka, kuma ban ce a daina neman juriya ba. Inda na saɓa da su shi ne wurin lissafi. Suna auna riba a shekara ɗaya, alhali cutar tana aiki ne a tsawon shekaru. Juriya kuma tana da iyaka. Irin da ya rasa kaɗan a gona mai matsakaiciyar cuta zai rasa da yawa idan fumfunar ta taru ta haɗu da mugun fari. Sa'an nan bambancin da zaɓen iri ke kawowa bai kai wanda ake samu tsakanin gona mai tsabta da gona mai cuta ba. Malaman gona na New South Wales sun sha nanata wa manoma cewa zaɓen iri shi kaɗai ba ya magance ruɓewar gindi, kuma sakamakon gwaje-gwajensu ne ya sa su faɗi haka.

Abin da ya kamata a yi

Shawarata ta farko ga masu gwajin iri da masu sayar da shi ce. Duk irin da za a fitar a bayyana abu uku game da shi a fili: yawan amfaninsa a gona mai lafiya, yawan abin da yake rasawa a gona mai cuta, da yawan cutar da yake bari a tushiyarsa. Wanda ya faɗi na biyu ya yi shiru a kan na uku bai cika amanar manomi ba.

Ta biyu ga manomi ce, ya san abin da ke cikin ƙasarsa kafin ya zuba iri. A Ostareliya akwai gwajin PREDICTA B, wanda cibiyar bincike ta jihar South Australia ta ƙirƙiro, inda ake ɗibar ƙasa haɗe da guntayen tushiya a auna yawan ƙwayoyin gadon fumfunar. Wanda bai da halin wannan yana da idonsa. Ya tumɓuke shuka daga sassa daban-daban na gona kafin girbi ya ƙirga masu rinannen gindi, kada ya jira ganin farar zangarniya, domin a shekara mai laima ba za ta fito ba ko da cutar ta cika gonar.

Ta uku ita ce sauya shuka, wadda ita ce ginshiƙi. Fumfunar ba ta rayuwa a jikin dangin wake, ko kanola da ake matse mai daga 'ya'yanta, ko auduga, kuma manoman arewacin yankin sukan sa dawa a lokacin zafi domin raba gonar da alkama na wani lokaci. Shukar da ke rufe ƙasa da ganye ta fi amfani, domin laimar da ke ƙarƙashinta na gaggauta ruɓewar tsohon kara. Dole kuma a kawar da ciyayi dangin hatsi a lokacin, tun da su ma suna ɗaukar cutar. Bayan wannan akwai dabaru masu taimakawa: shuka a tsakanin layukan tsohuwar tushiya da taimakon na'urar tauraron ɗan'adam da ke saita tafiyar tarakta, shuka da wuri a cikin lokacin da ya dace da irin, da kauce wa zuba takin zamani fiye da abin da laimar ƙasa za ta iya ɗauka, domin shuka mai yawan ganye takan shanye ruwan tun kafin lokacin cika ƙwaya. Idan an yi waɗannan, sai a kawo iri mai juriya ya cike gurbin da ya rage.

Kammalawa

Wannan bambanci bai kamata ya zama baƙo ga manomin ƙasar Hausa ba, domin mun san ƙuduji. Akwai dawa da masarar da ke ba da amfani ko da ƙuduji ya mamaye gindinsu, akwai kuma waɗanda ke hana shi tsirowa da yawa, kuma masu bincike a Samaru da Ibadan suna rarrabe su. Tsiron ƙuduji guda yana zubar da 'ya'ya dubbai, waɗanda kan zauna a ƙasa fiye da shekara goma. Wanda ya shuka mai juriya ya bar ƙuduji ya yi fure ya zuba 'ya'ya, ya ci bana, amma ya bar wa kansa da 'ya'yansa gona mai ciwo. A harshenmu kuwa kalmar "juriya" guda muke yawan amfani da ita a rediyo da wajen taron manoma domin fassara ma'anonin biyu.

Saboda haka ina kira ga malaman jami'o'inmu, da ɗaliban aikin gona, da masu shirya shirye-shiryen noma da Hausa, mu tsayar da kalmomi biyu mu riƙe su. Idan iri yana hana cuta yaɗuwa mu ce yana da turjiya, idan yana ɗauke da ita yana ba da amfani mu ce yana da juriya. Duk lokacin da aka kawo wa manomi sabon iri aka yabe shi, ya kamata ya yi tambaya biyu, ta farko nawa zai ba shi bana, ta biyu me zai bari a gonarsa idan an girbe. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a wannan cuta rigakafin yana farawa ne daga tushiyar bara.